Ɗigon da Ya Faɗa Gonar Malam Bala

Ranar Alhamis ɗin da za a yanke hukunci a kan tsarinta, Zulfa ta idar da sallar walha, ta zuba wayoyi huɗu da kwamfuta a jaka, ta fito ƙofar gidansu a Gaya tana aika wa yayanta Kamalu ya kawo adaidaitarsa. Shekararta biyu tana aiki daga ɗakinta da wata ƙungiyar injiniyoyi da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, masu gina injin burauza, wato ginshiƙin manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. A tsawon shekara biyun nan ƙananan gyare-gyare take yi, ta toshe nan, ta ɗinke can. Wannan ne karo na farko da ta kawo tsari nata na kanta, kuma da ƙarfe biyar na yamma manyan ƙungiyar za su zauna ta bidiyo su ce a sa shi cikin injin ko a ajiye shi.

Tun kafin su fita daga gari ta fara yi wa Kamalu bayani, ko da yake bai tambaya ba. Ta ce idan shafi ya nemi sanin inda mai waya yake, hanya biyu burauza ke da ita. Ko ta tambayi tauraron ɗan'adam, wanda zai nuna mutum har ƙofar ɗakinsa, amma ya shanye caji, ya kuma miƙa wa baƙon shafi sirrin gidan mutane. Ko ta dogara da ƙarfen sabis mafi kusa, wanda a birni yakan kusanci gaskiya, a ƙauye kuwa yana iya ɗaukar mutumin Toranke ya dire shi a Wudil. Sababbin wayoyi masu tsada sun iya ba da amsa ta tsaka-tsaki. Irin waɗanda ke hannun mutanen Gaya da Ajingi ba su iya ba, saboda haka dole injin ya ɗauki aikin da kansa.

A kan yadda zai ɗauka ne ƙungiyar ta rabu biyu. Jagoranta, wani dattijon injiniya da ya daɗe a aikin, yana son a yanka taswirar duniya gida-gida kamar guraben dara, kowane gurbi kilomita biyar, duk wanda ke cikin gurbi a ba shafi tsakiyar gurbin. Zulfa kuwa ta kawo nata: a jefa ɗigo ko'ina cikin kilomita uku daga inda mutum yake, sannan a riƙe wa wannan shafin ɗigon nan ɗaya tak, don kada ya yi ta maimaita tambaya har ya gano tsakiya. Ta gwada sau dubu goma a kwamfuta, bai taɓa ba ta kunya ba. Abin da ya rage shi ne gwaji a ƙasa, da mutum na gaske, wanda za ta nuna wa taron.

Kamalu ya kauce wa wani rami mai cike da ruwan sama, ya ce, “Wato a taƙaice, ƙanwata, ƙarya kike koya wa waya.”

“Sakayawa ce, Yaya. Akwai bambanci.”

Ya ce to, Allah ya sa wayar ta san bambancin. Ta yi dariya, don a safiyar nan babu abin da zai iya ɓata mata rai. Gero ya kai kafaɗa hagu da dama, iska tana kaɗa shi, ita kuma tana ta buɗe jaka tana duba wayoyin kamar za su gudu.

Mutumin da ta zaɓa don gwajin kawunsu ne, Bubayero, wan mahaifiyarsu, wanda ke zaune a wani ɗan ƙauye bayan Toranke, yana noma yana kuma kiwon shanu. Masu rigakafin dabbobi sun buɗe shafi inda makiyayi zai rubuta sunansa da yawan garkensa, shafin ya ɗauki wurin da yake ya ɗora a taswirar da likitoci da masu unguwanni ke dubawa. Wata uku ke nan Kawu yana ƙin cikawa. Ya ce ba zai nuna wa wanda bai sani ba inda shanunsa ke kwana ba, a zamanin da ake kore garke cikin sa'a guda. Zulfa ta yi masa alkawarin cewa tata burauzar za ta kawo masa likita ba tare da ta tona makwancin shanu ba.

Sun same shi a gindin ɗorawa tare da maƙwabcinsa Malam Bala, manomi, jikan Barebari, wanda shekara arba'in ke nan suna tsokanar juna ba su gaji ba. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Zulfa ta durƙusa a gefen tabarma ta buɗe shafin a waya ta farko. Da aka zo wurin rubuta yawan shanu Kawu ya ce ta sa 'yan kaɗan. Malam Bala ya ce ta sa arba'in da biyu, shi ya ƙirga su, tun da Bafulatani ba ya faɗin adadin shanunsa ko ga limami. Aka daidaita a kan abin da Kawu ya yarda. Sai tambayar ta fito a fuskar wayar, ko a ba shafi ainihin wuri ko a sakaya. Ta yi bisimilla, ta danna sakayawa.

Taswira ta buɗe, hoton ƙasa daga sama. Jan ɗigo ya sauka can gabas, nesa da makwancin shanun Kawu da fiye da kilomita biyu, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa garken Bubayero yana nan. Zulfa ta ɗaga wayar tana nuna musu: ga inda suke zaune, ga inda shanu suke, ga kuma inda shafin ya zaci suke. Ɓarawo ya bi wannan ɗigo sai ya wuni yana yawo.

Malam Bala ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

“'Yata, waɗannan kukoki biyun da tsohuwar rijiya a tsakaninsu, ai na san su.” Ya juya ga abokinsa, fuskarsa cike da jin daɗi. “Bawana, ashe shanunka suna tsakiyar gerona. Ga shaida daga sama. Tashi mu je wurin dagaci.”

Kamalu ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam Bala ya ci gaba da ƙawata ƙarar da zai kai, yana cewa yau Allah ya kama Bafulatani da hannun 'yar ƙanwarsa. Zulfa ma ta fara dariya, sai ta lura Kawu bai yi ba. Ya karɓi wayar ya duba, ya ajiye ta a kan tabarma a hankali.

“Zulfa, wannan taswirar, kin ce masu unguwanni suna ganinta?”

Ta ce e.

“Da damina. Gero ya kai kafaɗa. A rubuce, da sunana.” Ya dubi Malam Bala. “Bala ne, shi ya sa ake dariya. Ki matsar da ɗigon nan gona biyu arewa, ki ga ko za a yi dariya.”

Dariyar Malam Bala ta tsaya, don ya san gonar wa ake nufi, ya kuma tuna damunar da aka yi wata biyu ana zaman sulhu a kan saniya ɗaya da ta ƙetare burtali.

Zulfa ta yi saurin bayyana cewa burauzar ba ɗigo kaɗai take aikawa ba, tana haɗawa da faɗin da'ira, alamar cewa mutum yana wani wuri ne cikin kewayen. Kawu ya tambaye ta ina da'irar. Ta duba. Masu shafin ba su zana ta ba, ɗigon kawai suka ɗauka, kuma ta san yawancin shafuka haka suke yi. Ta jawo sauran wayoyin uku ta gwada ɗaya bayan ɗaya, ko ta farkon ce ta yi rashin sa'a. Ta biyu ta kai garken cikin kududdufi. Ta uku ta kai shi maƙabartar ƙauyen. Ta huɗu ta sauke shi a tsakar gidan wani mutum da Kawu ya ce shekara shida ba su gaisa ba. A gwaje-gwajenta dubu goma ƙasa fili ce fara, babu mai ita. A nan kuwa duk inda ɗigo ya faɗa akwai mai wurin, da sunansa, da tarihinsa da maƙwabci.

An kira azahar tana zaune da wayoyi huɗu a cinya, ta soke rajistar duka ba tare da ta aika ba. Saura sa'a uku da 'yan mintoci a fara taro, kuma abin da ta zo nema ya zama hujjar rushe aikinta na wata biyar. Ta shiga cikin gida ta yi alwala ta yi salla a ɗakin Inna Hure, matar Kawu, ta daɗe a zaune bayan sallama. Tunanin da ya zo mata bai yi mata daɗi ba: babu wanda ya san da gwajin nan a ƙungiyar, tana iya nuna sakamakon kwamfuta kawai, kuma mai yiwuwa ya wadatar. Ta nemi tsari daga tunanin, ta naɗe sallaya.

Inna Hure ta dama fura ta miƙo mata. Suna cikin sha sai aka ji ƙarar babur, aka yi sallama daga waje. Wani baƙo ne, dillalin dabbobi daga wajen Kademi, yana neman Bubayero a kan wani bijimi. Inna ta ɗaga murya daga inda take ta ce ya shiga zaure ya zauna, maigidan yana masallaci. Baƙon ya tambaya ko a nuna masa inda shanun suke ya fara dubawa kafin ya dawo. Ta ce ya dai zauna a zaure. Yana ta mita daga can cewa tun hantsi yake yawo: a Toranke an ce masa ya je bakin kasuwa ya tambaya, a bakin kasuwa an tura shi ƙofar mai unguwa, sai da mai unguwa ya gama yi masa tambayoyi sannan aka kwatanta masa gidan.

Zulfa ta ce cikin tausayi ai da mutanen Toranke sun kwatanta masa kai tsaye, tun da babu wanda bai san gidan Kawu ba.

Inna Hure ta dube ta kamar ta faɗi abin kunya. “Ke da karatunki. Wa zai kwatanta gidan mutum ga wanda bai sani ba? Kuma ba ka tura shi gidan wani don ka rabu da shi, ka ja wa bawan Allah fitina. Wurin da ba na kowa ba ake tura baƙo, kasuwa ko tasha ko ƙofar mai unguwa. In an yarda da shi ya iso zaure. In maigida ya ga dama ya kai shi garke.”

Zulfa ta ajiye ludayi. Ta sa Inna ta maimaita, Inna ta maimaita tana tambayar ko lafiya. Sai ga Zulfa a tsaye, mayafi a hannu, tana neman takalminta ɗaya, tana faɗa wa Inna cewa ba jefa ɗigo ya kamata a yi ba, kai shi za a yi wurin da jama'a suka riga suka amince baƙo ya tsaya. Inna ta ce ita dai a shanye furar. Ta shanye a tsaye, ta rungume ta, ta fita tana kiran Yaya Kamalu.

A hanyar komawa kwamfutar na kan cinyarta, adaidaita na tsalle, tana rubutu tana gogewa. Kowace amsa ta samu sai ta haifo tambaya. Idan burauza za ta kai mutum dandalin jama'a mafi kusa, dole ta riƙe jerin irin waɗannan wurare. A ina? In ta tambayi wata babbar kwamfuta a intanet duk lokacin da ake buƙata, to ta tona wurin mutum ga wannan kwamfutar, an gudu ba a tsira ba, ga cin data. In ta ɗauki jerin duniya duka a cikinta, ƙananan wayoyi ba za su iya ɗauka ba. Ta tsaya a kan cewa kowace waya ta sauke jerin babban yankinta kawai, sau ɗaya, ta yi lissafi ta ga na Kano da Jigawa gaba ɗaya bai kai nauyin hoton biki guda ba. Ta faɗa wa Kamalu haka da ƙarfi har wani mai babur ya waiwayo. Sannan dandalin dole ya zama na mutane masu yawa, in ba haka ba faɗin sunan ƙauye mai gida biyar daidai yake da nuna ƙofa. Ke nan Kawu bakin kasuwar Toranke za a kai shi, kilomita bakwai daga shanunsa, ya fi ɗigonta nisa. Ta yarda da wannan asarar.

Ba su yi nisa sosai ba wani tunani ya faɗo mata, ta ce Kamalu ya juya. Ya ce taro fa. Ta ce minti goma. Ta lissafa inda tsakiyar gurbin jagoransu za ta faɗa a yankin Kawu, suka bi wata 'yar hanya har ta ƙare, ta sauka ta taka da ƙafa, zaninta na jiƙewa da laimar ciyawa. Gonar gyaɗa ce, an yi mata noma na biyu tsaf. Ta ɗauki hoto ta dawo da gudu.

Ta shiga gida saura minti ashirin, ta yi la'asar, ta gyara mayafi, ta zauna gaban kwamfuta. Fuskoki tara suka bayyana. Da aka ba ta dama, maganarta ta farko ita ce ta janye tsarin da ta kawo. Ta ɗora hoton taswirar, jan ɗigo tsakanin kukoki biyu, ta ba su labarin gero da shanu da abin da irin wannan ɗigo ke iya jawowa a ƙasar da manomi da makiyayi ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Jagoran ya yaba mata da faɗin gaskiya, ya ce ke nan magana ta ƙare, a ɗauki tsarin gurabe. Sai ta ɗora hoto na biyu. Ta ce wannan gonar gyaɗa ita ce tsakiyar gurbinsa. Nata tsarin garke ɗaya yake zuba wa mutum a gona, nasa kuwa duk garkunan yankin zai tara a gonar mutum ɗaya, kullum, muddin ana amfani da injin. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya ce ta ci gaba.

Ta kawo sabon tsarin, muryarta na sauri har sai da ta ja numfashi ta rage. Wata mata da ke kula da nauyin manhajar ta far mata da batun girman jerin, Zulfa ta ba ta lissafin da ta yi a adaidaita. Wani ya ce amsar za ta yi nisa da gaskiya har ta rasa amfani, ta ce likita zai isa kasuwa ya kira, mai garke ya ga wanda ya zo, sannan in ya so ya buɗe masa ainihin wurin na sa'a ɗaya. Sai matar ta sake tambaya: wa zai tabbatar da cewa wuraren da ke jerin na jama'a ne da gaske, alhali taswirorin ƙauyuka cike suke da kuskure? Zulfa ta ce wannan ba ta da amsarsa tukuna, kuma ba ta jin ana iya samunta daga kan kujera.

Suka yi muhawara kusan rabin sa'a, tana saurare. Daga ƙarshe jagoran ya taƙaita. Ba za a sa nasa ba, ba za a sa nata na farko ba. Sabon za a gina shi a matsayin gwaji na mako shida, a kashe, sai ga wanda ya kunna shi, ita za ta jagoranta, da sharaɗin ta kawo jerin ƙananan hukumomi biyu da aka taka aka tabbatar wuri bayan wuri. In jerin ya tabbata, tsarin ya shiga injin. Ya tambaye ta da wane suna za a rubuta shi a kundin aiki. Ta ce zaure. Mutum uku suka gwada faɗa, babu wanda ya dace, aka rubuta yadda ta harhaɗa musu baƙaƙen.

Da fuskokin suka ɓace ta yi sujada a nan gefen tebur, ta tashi ta kira Kawu. Ya saurara har ta gama, sannan ya tambayi abu ɗaya, ina wayar za ta ce yake.

“Bakin kasuwar Toranke, Kawu.”

“Wajen masu goro ko wajen mahauta?”

“Wajen masu goro.”

“To babu laifi. In kin gama ginin ki zo ki cika wa masu rigakafin.”

Daga bayansa ta jiyo Malam Bala yana cewa shi fa bai janye ƙararsa ba.

Ta fito tsakar gida da sabon littafi da biro, ta tarar da Kamalu yana wanke taɓo daga ƙafafun adaidaita. Ta ce masa akwai mazaɓu ashirin tsakanin Gaya da Ajingi, kowace da kasuwanninta da tashoshinta, kuma kowane wuri sai an zauna da mai unguwa an ji ko ya yarda a riƙa turo masa baƙi. Ta tambaye shi ko za su fara da Kademi gobe da sassafe. Ya matse tsumma, ya ce gobe Juma'a, sai an sauko daga masallaci, kuma wannan karon ita za ta zauna a gefen da ruwan rami ke fallatsowa.